Tambayar Nwoye

Idan kana da ɗa ko 'ya a makarantar sakandare, ko ƙane a jami'a, ba mamaki ka taɓa ganin wani ɗan littafi a jakarsa mai suna Things Fall Apart. Chinua Achebe ne ya rubuta shi, aka buga shi a Landan a shekara ta 1958, an kuma daɗe ana ba ɗalibai shi su yi nazari. Wataƙila ka ɗauka labarin Ibo ne kawai, wanda yaro zai haddace ya ci jarrabawa ya manta. To, ka sani a cikin littafin nan akwai masu wa'azi da sababbin tuba, akwai kuma majami'a wadda aka mai da ita toka kafin labari ya ƙare. Yaron da ya karanta shi da hankali yana iya dawowa gida da tambaya mai nauyi: shin kakanninmu da suka karɓi Bishara sun ci amanar mutanensu ne? Gara ya sami wanda zai zauna da shi a kan tambayar nan a gida, da a bar shi ya haɗiye ta shi kaɗai.

Idan ka duba irin amsar da ɗalibai suke rubutawa a kan littafin, za ka ga yawanci hanya biyu suke bi. Waɗansu sukan ce garin Umuofia yana zaune lafiya, sai Turawa suka zo da addininsu suka wargaza shi, Okonkwo kuwa jarumi ne da ya mutu yana kare gadon iyayensa. Waɗansu kuma, musamman 'ya'yan ikkilisiya da suka ji an taɓa bangaskiyarsu, sukan ce Umuofia duhu ne zalla, haske ya zo ya kore shi, shi ke nan. Kowace amsa tana da ayoyinta a cikin littafin, amma kowacce sai ta rufe ido ga rabin labari kafin ta tsaya da ƙafafunta. Dukansu biyu kuma sun tsallake mutum ɗaya wanda in ba a fahimce shi ba, ba a fahimci littafin ba. Wannan mutum shi ne Nwoye, ɗan farin Okonkwo.

Bari mu tuna da labarin a taƙaice. Okonkwo ɗan Unoka ne, wani mabushin sarewa mai yawan bashi wanda ya mutu bai bar rumbu ko sarauta ba. Kunyar uban nan ita ce ta zama bulalar da take korar ɗan dukan kwanakinsa. Yana da shekara 18 ya ka da Amalinze, gwanin kokawar da ya yi shekara bakwai ba a kai bayansa ƙasa ba. Ya noma doya ya cika rumbuna, ya auri mata uku, ya sami sarautu biyu. Amma Achebe bai ɓoye mana ba cewa tsoro ne yake mulkin mutumin nan, tsoron kada a ce ya yi kama da ubansa. Duk abin da Unoka yake so, kamar taushin hali da kiɗa, Okonkwo ya ƙi shi. Da wannan ma'auni yake auna iyalinsa, da shi kuma ya auna Nwoye ya ga bai cika ba, domin yaron ya fi son tatsuniyoyin uwarsa da labaran yaƙi da zub da jini.

Sai aka kawo wani yaro mai suna Ikemefuna daga garin Mbaino, diyyar wata matar Umuofia da aka kashe a can. Aka ajiye shi a gidan Okonkwo, ya yi shekara uku, ya zama kamar wa ga Nwoye, har yana kiran Okonkwo baba. Ran nan tsafin gari ya ce a kashe shi. Dattijo Ezeudu ya zo takanas ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu a cikin jinin yaron da yake kiransa uba. Aka ruɗi yaron cewa gida za a mai da shi, aka ɗora masa tulun bammi, aka shiga daji. Da aka kai masa saran farko ya sheƙo wurin Okonkwo yana neman ceto, Okonkwo kuwa ya zare addarsa ya gama da shi, don kada a ce shi rago ne.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya dakata ya dubi Nwoye. Da ubansa ya shigo gida da dare, yaron ya gane abin da ya faru ba tare da an faɗa masa ba, ya ji wani abu ya tsinke a cikinsa. Marubucin ya ce ba wannan ne karo na farko ba. Ya taɓa jin haka wata rana suna dawowa daga gona, da ya ji kukan jariri a cikin kurmi, inda ake zubar da tagwaye a cikin tukwane. Ka lura, wannan duka ya faru a babi na 7, tun ba a ga ƙeyar ɗan mishan ko ɗaya ba. Masu wa'azi ba su bayyana ba sai a kashi na biyu na littafin, bayan an kori Okonkwo zuwa Mbanta, garin uwarsa, na shekara bakwai, saboda bindigarsa ta fashe a wurin makoki ta kashe ɗan Ezeudu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ɗalibin da ya ce Umuofia lafiya lau take kafin baƙi su zo bai ji kukan jaririn nan ba.

Ba Nwoye kaɗai ne abin ya dama ba. Obierika, aminin Okonkwo, ya ƙi bin masu kisan, ya kuma faɗa wa abokinsa a fuska cewa abin da ya yi ba zai gamshi ƙasa ba. Shi ma an taɓa zubar da tagwayen matarsa, ya zauna ya yi ta tunanin laifin da jariran suka yi, bai sami amsa ba. Bambancinsu shi ne Obierika dattijo ne mai gida da gona da daraja, ya haɗiye tambayarsa ya ci gaba da zama. Nwoye yaro ne da ba shi da komai sai tambayar, ita kuma ta ƙi kwanciya.

Da masu wa'azi suka tsaya a Mbanta, mutane suka yi ta dariyar bakin tafinta, Okonkwo kuma ya saurari bayanin Allah Uku Cikin Ɗaya ya yanke cewa mutanen nan mahaukata ne. Achebe ya nuna cewa Nwoye ma bai fahimci wannan koyarwa ba. Abin da ya kama shi waƙa ce da suka rera a kan 'yan'uwa masu zaman duhu da tsoro. A cikinta ya ji kamar an taɓa ciwon nan da ya daɗe yana ɗauke da shi, na tagwaye da na Ikemefuna. Wannan wuri yana daga cikin mafi gaskiya a littafin. Yawancin waɗanda suka taɓa zuwa wurin Almasihu, a kowane zamani, ba gardamar tauhidi ce ta kawo su ba. Sun zo ne da wani nauyi wanda suka rasa inda za su sauke shi a gida.

Dubi kuma sauran waɗanda suka fara shiga. Babu mai sarauta a cikinsu da farko, mutane ne da gari yake ɗauka ba su da amfani. Akwai Nneka, mace mai ciki wadda sau huɗu tana haihuwar tagwaye ana zubarwa, dangin mijinta ma ba su damu da tafiyarta ba. Akwai waɗanda ake kira osu, wato mutanen da aka keɓe wa gumaka, ba a aure da su, ba a zama da su a taro, ba a yarda su aske kansu ba, in sun mutu a Mugun Daji ake binne su. Da biyu daga cikinsu suka shigo majami'a, sai masu bi da kansu suka tashi za su kore su. Mista Kiaga, malamin ikkilisiyar, wanda shi ma baƙar fata ne, ya tsaya kai da fata cewa a gaban Allah babu bawa babu ɗa. Mutum ɗaya ya yi fushi ya koma, sauran suka zauna. Ko filin da aka gina majami'ar a kai, a Mugun Daji aka ba su, da zaton za su mutu cikin 'yan kwanaki. Ikkilisiyar da Achebe ya zana a Mbanta ta tsiro ne a inda gari yake zubar da abin da ba ya so, ta kuma cika da mutanen da gari ya zubar. Mai karatun da ya san 1 Korantiyawa sura 1, inda Bulus ya tuna wa masu bi cewa Allah ya zaɓi raunana da renannu, zai ga cewa marubucin ya yi wa ikkilisiya adalci a nan.

To, amma kada ka yi saurin murna, domin ɗalibin da ya ce Umuofia duhu ce zalla shi ma ya yi kuskure. Garin nan yana da shari'a. Da Okonkwo ya doki amaryarsa Ojiugo a Makon Salama, firist ɗin ƙasa ya zo har gida ya tsawata masa ya ci shi tara, ƙarfinsa bai cece shi ba. Dodannin gari tara, waɗanda ake kira egwugwu, suna zaman shari'a a dandali, mun kuma ga sun hukunta wani mai dukan matarsa suka sa shi ya je ya roƙi surukansa. Kawun Okonkwo, tsoho Uchendu, ya karɓe shi da iyalinsa a lokacin ƙunci, ya ba shi fili, 'ya'yansa maza kuma suka ba shi irin doya, ya yi masa nasiha irin wadda kowane fasto zai yi farin ciki a ce daga bakinsa ta fito. Mutanen nan sun san Chukwu, Mahaliccin kome. Wanda ya raina wannan duka bai karanta kashi na farko na littafin ba, wanda shi ne ya fi sauran biyun tsawo.

Achebe ya kawo mana 'yan mishan biyu domin mu auna. Na farko shi ne Mista Brown. Yakan je gidan wani babban mutum mai suna Akunna su zauna su yi ta muhawara a kan Allah ta bakin tafinta. Babu wanda ya juyar da wani, amma kowa ya ƙaru. Ya hana mabiyansa tsokanar gari, ya gina makaranta da ɗan asibiti. Marubucin bai mai da shi mala'ika ba, ya nuna cewa akwai dabara a cikin haƙurinsa, domin ya gane cewa fito-na-fito ba zai ci nasara ba. Duk da haka gari ya girmama shi. Da rashin lafiya ya mai da shi gida, sai Rabaran James Smith ya gaje shi, mutumin da yake ganin duniya fari da baƙi kawai, yana kuma ganin sassaucin Brown kamar sayar da gaskiya ne. A ƙarƙashinsa masu zafin kai suka sami sarari. Wani mai suna Enoch ya tuɓe wa dodo rufinsa a bainar jama'a ran bikin ƙasa. Dattawan da suka tashi a garuruwan Filato da kudancin Kaduna, inda aka san dodo, ba sa bukatar a bayyana musu girman wannan abu. Kashegari dodanni suka ƙone gidan Enoch, suka rushe majami'ar.

Sai a yaba wa Smith a kan abu ɗaya: ya tsaya a ƙofar majami'a bai gudu ba. Dodannin ma ba su taɓa lafiyarsa ba, suka ce saboda Brown ne. Abin da ya biyo baya shi ne abin kunya. Da Di'o ya dawo daga rangadi, Smith ya tafi wurinsa suka daɗe suna magana. Bayan kwana uku aka gayyaci shugabannin gari shida kamar za a yi sulhu, aka sa musu ankwa, masinjojin kotu suka aske musu kai suka yi musu duka. Aka ci gari tarar buhu 200 na wuri, masinjojin suka ƙara 50 don aljihunsu. Daga nan ne Okonkwo ya sare kan shugaban masinjoji a taron kasuwa, ya ga jama'a ba za su bi shi yaƙi ba, ya tafi ya rataye kansa. Di'o kuwa ya juya yana lissafin cewa labarin mutumin nan zai cika sakin layi ɗaya a littafin da yake rubutawa.

Ka sa Okonkwo da Smith a ma'auni ɗaya ka gani. Dukansu biyu suna ɗaukar taushi rauni ne, dukansu suna jin kunyar wanda ya gabace su saboda sassaucinsa, ɗaya ubansa, ɗaya magabacinsa a aiki. Dukansu sun fi amincewa da ƙarfi, wancan da addarsa, wannan da ankwar Di'o. Ikkilisiyar da ta ci zuciyar Nwoye a Mbanta ba ta da kotu ko ɗan sanda a bayanta, a daji take tare da tagwaye. Ran da ta jingina da ikon mai mulki, sai ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da mutane suke tsoro. Wannan zargi ne mai zafi, ba kuwa daga bakin maƙiyi ya fito ba. An haifi Achebe a Ogidi kusa da Anacha a 1930, a gidan masu bi. Ubansa Isaiah malamin mishan ne na ƙungiyar CMS, wadda ta kafa aiki a Anacha tun 1857 ta hannun Samuel Ajayi Crowther, ita ce kuma ƙungiyar da ta aiko Dakta Walter Miller ƙasar Zazzau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai inda littafin ya gaza, ya kamata kuma ɗalibi mai bi ya iya faɗin haka ba tare da fushi ba. Bayan Okonkwo ya shaƙe Nwoye ya doke shi da sanda, yaron ya fita bai sake dawowa ba, daga nan kusan sai ya ɓace daga labarin. Muna jin labarinsa daga nesa kawai, cewa an sa masa suna Ishaku, an tura shi makarantar horon malamai a Umuru. Ba a shigar da mu cikin addu'arsa ba, ba mu ga yadda waƙar nan ta zama bangaskiya ba. Nneka layi kaɗan aka ba ta. Wa'azin da muka ji a littafin ya fi yawa a kan gumakan itace da dutse, saƙon gicciye da gafarar zunubi bai fito sosai ba. Zuciyar Achebe tana tare da abin da yake rushewa, shi ya sa ya fi ba shi fili. Wasan talabijin da NTA ta yi a 1987, inda Pete Edochie ya fito a matsayin Okonkwo, ya ƙara dasa kwarjinin uban a zukatan masu kallo, har yau in an ambaci littafin fuskarsa ake tunawa. Amma marubucin ya bar mana alama ɗaya wadda bai yi bayaninta ba, wato sunan Ishaku. A Farawa sura 22 uba ya ɗaga wuƙa a kan ɗansa, murya daga sama ta tsai da shi. A dajin Umuofia uba ya ɗaga adda, babu abin da ya tsai da shi. Yaron da ya rasa Ikemefuna ya ɗauki sunan ɗan da aka fansa.

Da labarin ya tsaya nan, da mun tashi da sanyin zuciya. Amma a 1960 Achebe ya fitar da littafi na biyu, No Longer at Ease, inda muka sake saduwa da Nwoye ya tsufa, Ishaku Okonkwo, malamin ikkilisiya mai ritaya wanda ba ya wasa da Littafi Mai Tsarki. Ɗansa Obi ya dawo daga karatu a Ingila yana so ya auri wata ma'aikaciyar jinya mai suna Clara. Clara osu ce. Ishaku ya ƙi. Obi ya tuna masa da abin da Bishara ta koyar, tsohon ya kawo misalin kuturtar Na'aman, ya ce a tunanin mutanensu abin kamar kuturta yake, wa zai auri jikokinsa? A daren nan ne ya ba ɗansa labarin yadda ya bar gidan ubansa da la'ana a kansa, da yadda ya ƙi zuwa jana'izarsa ko da ɗan mishan ya ce ya tafi. Mutumin da ya shiga ikkilisiyar da ta buɗe wa osu ƙofa, shi ne ya rufe wa osu ƙofar gidansa. Wanda ya gudu daga taurin zuciyar ubansa ya tarar da wani abu nata a cikin kansa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in yaronka ya zo maka da tambayar nan, kada ka ƙwace littafin, kada kuma ka ba shi amsar da za ta rufe masa baki. Ka buɗe babi na 7 ku karanta tare. Ka gaya masa cewa da yawa daga cikin waɗanda suka fara tuba, a ƙasar Ibo ko a nan ƙasarmu, sun biya da tsada, waɗansu sun rasa gado da iyaye, kamar yadda Ubangiji ya faɗa tun da wuri a Matiyu sura 10 cewa saboda shi gida zai rabu. Ka kuma yarda a gabansa cewa ba duk abin da aka yi da sunan Bishara ne ya yi kama da Bishara ba, an raina abubuwan da ba su cancanci raini ba, an jingina da ikon da bai kamata a jingina da shi ba. Yaron da ya ga ubansa ya amsa laifin gidansu zai fi yarda da shi in ya yi maganar alherin gidan.

Bayan haka sai ka juyo da tambayar kanka, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Nwoye ya tambaya ne a kan wanda aka zubar, ko akwai mai jin kukansa. A majami'arku, wane ne yake zama a bencin baya shi kaɗai? Yarinyar da ta yi cikin shege, an hore ta an maido ta, ko an bar ta ne ta ɓace? Wace ƙabila ce ko wane dangi ne kake cin Jibin Ubangiji tare da su ran Lahadi, amma in ɗanka ya kawo 'yarsu gida za ka ce sai bayan ranka? A cikin gidanka kuma, akwai ɗan da ya fi son waƙa da karatu a kan abin da kai kake kira mazantaka, wanda ya koyi yin shiru in ya ji takunka? Afisawa sura 6 ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Okonkwo bai san wannan aya ba, mu kuwa mun san ta. Matasan da suke barin ikkilisiya a yau, ba dukansu ne duniya ta ruɗa ba. Waɗansu sun ga an sari wani Ikemefuna a gabansu, dattawa kuma suka yi shiru.

Ya Ubangiji, kai da ka ji kukan yaron nan Isma'ilu a jeji, ka tsai da hannun Ibrahim a kan dutse, ka buɗe kunnuwanmu mu ji kukan waɗanda muka tura waje. Ka cire mana tsoron mutane wanda yake taurara zuciya. Ka ba 'ya'yanmu hikima a karatunsu, ka ba mu tawali'u mu amsa musu da gaskiya. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.